In Jadawali Ya Goce a Kwamfuta, Aljihunka Ne Zai Ji

A shirinmu na wannan mako mun taɓo wata matsala da ke damun masu kai lissafi shagon kwamfuta, daga Salaga zuwa Yendi har Bawku. Ka kai sunayen waɗanda suka ba ka shanu ko buhunan albasa, an buga a jadawali, kowa da layinsa da kuɗinsa. Ka ce a gyara abu ɗaya tak, sai takarda ta fito a karkace. To, me ya faru?

Da farko ka sani, jadawalin Word ba kamar layin da ka ja da biro ba ne. Gidajensa suna motsi. In aka saka suna mai tsawo, gida ɗaya ya buɗe, na kusa da shi ya matse, har lamba ta karye biyu, rabi sama rabi ƙasa. Maganin wannan, ka ce wa mai bugawa ya je inda aka rubuta AutoFit ya zaɓi na uku, mai kulle faɗin gidaje. In kuma zai kwaso rubutu daga WhatsApp ko wata takarda, ya manna da alamar nan mai harafin A, don rubutun ya zo shi kaɗai ba da kayan adonsa ba.

Babban haɗarin yana wurin gogewa. Maɓallin Delete yana share abin da ke cikin gida ne kawai. Amma in aka zaɓi gidan aka danna Backspace, kwamfuta za ta tambaya ko ta cire shi ta turo na ƙasa sama. In yaro ya amsa da gaggawa, duk kuɗin da ke ƙasa sun hau layi ɗaya. Kuɗin mai shanu uku ya koma gaban sunan mai shanu goma. Takarda tsaf, lissafi ya lalace, ran rabon kuɗi kuma amanarka ce a bakin mutane. In an gani nan take, a danna Ctrl da Z tare, komai zai koma yadda yake.

Sai jimla. Word ba ya sake haɗa lissafi da kansa in an canza lamba a sama. Tsohuwar jimla za ta zauna daram sai an zaɓe ta an danna F9. Don haka ka ciro wayarka ka sake tarawa.

Ku masu tsallakawa Sinkase ko Burkina ta Kulungugu, ku kula da waƙafi. A Gana, 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne. A rubutun Faransanci, ɗaya da rabi ke nan. Kuma tun 2007 da aka yanke sifili huɗu daga sidi, har yau wasu da tsohon kuɗi suke ƙirge. Saboda haka a rubuta a kan jadawali ƙarara: sabon sidi ne ko sefa, jimla kuma a rubuta ta da kalmomi.

Na ƙarshe, takardar Word da ta yi kyau a shago tana iya watsewa a wayar abokin cinikinka, alamar sidi da ƙ da ɗ su koma akwatuna. Ka ce a mayar maka ita PDF kafin a tura, shi ba ya motsi.

Kafin ka biya kuɗin bugawa, sa a karanta maka layi layi, suna da kuɗinsa, littafinka na hannunka. Kada kunya ta hana ka. Minti biyar a shago ya fi wuni guda ana rantse-rantse a kara. Allah ya ba da kasuwa, ya kiyaye hanya.