Sikila da sirrin santsi a cikin jijiya

Daga Diggi nake magana, a ƙaramar hukumar Kalgo. Yau zan fara da tambaya: me ya sa lomar tuwon shinkafa take wucewa sumul da miyar kuka ko kuɓewa, amma gaya tsura sai ya tsaya maka a wuya? Yauƙi ne. Shi ke shiga tsakanin loma da maƙoshi ya hana su gugar juna.

To, irin wannan aikin ne ke gudana a jininmu dare da rana. Jar ƙwayar jini ƙarama ce ƙwarai, sai ka jera sama da ɗari kafin su cika milimita ɗaya. Duk da haka akwai ƙananan jijiyoyin da suka fi ta matsi. Yaya take wucewa? Tana da laushi, sai ta lanƙwashe, sannan wani siririn ruwan jini ya rage tsakaninta da bangon jijiyar, kamar man da ake zuba wa inji. Tun 1968 wani masanin lissafi ɗan Ingila, James Lighthill, ya yi lissafin yadda wannan ɗan ruwa ke sa abu ya zame cikin bututu mai tale-tale.

Ga mai sikila, a nan matsalar take. Idan iskar da jini ke ɗauka ta yi ƙasa, ƙwayar sai ta yi tauri, ta koma siffar lauje, ta riƙa mannewa a bango. Hanya ta toshe, jini ya kasa isa ƙashi da gaɓoɓi. Ciwon nan da ke sa yaro kuka har asuba ke nan. Ba mayu ba ne, ba iska ba ce. Lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120, ta sikila kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jininsu ke yawan ƙarewa.

Ku duba zafinmu na Afrilu. Gumi na fita, ruwan jiki na raguwa, jini na kauri. Don haka mai sikila ya riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi, ya kwana cikin gidan sauro, ya rufe jiki da hunturu. In ciwo ya tashi a tafi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Sai ku samari da 'yan mata. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila. In AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Birnin Kebbi ga ta nan kusa. Ku je a gwada muku jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, don bayan an sa rana magana tana wuyar warwarewa.

Ku tura wa wanda kuka san yana neman aure. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.