Kaushin Fatar Jariri da Hunturu

Da hutun Kirsimeti da ya wuce na tafi gida Suleja, na tarar da ɗan yayata, mai wata biyar, kumatunsa sun yi kaushi suna saɓa. Da dare ba ya barci, sai kuka da goga fuska a jikin uwarsa. Kowa a gidan da nasa zance. Kakarsa ta ce dauɗa ce, a ƙara wa ruwan wanka zafi, a dirje shi da soso. Maƙwabciyarmu ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau, a cire shi daga mama. Wani kuma ya sayo wani mai a kasuwa, wai kwana uku ya ishe shi. Da suka gama sai duk suka juyo gare ni, wai ai ni ne malam, in raba gardama. Na rasa ta cewa.

Kunyar wannan rana ita ta sa na bi su asibiti, na yi ta tambaya, da na komo kuma na shiga bincike. Ga abin da na samo, na kawo wa 'yan'uwana ɗalibai. Kun sani duk ƙauyen da aka tura malami, ba karatu kaɗai za a tambaye shi ba. Wata rana uwa za ta kwance goyo a gabansa, ta ce, "Malam, dubi yaron nan."

Yadda fata take

Ku dubi tulun da matan Gwari ke ginawa. In an zuba masa ruwa sai bayansa ya riƙa tsattsafo, ruwan na fita a hankali ta ƙananan kafofin da ido ba ya gani. Sa'an nan ku dubi irin tukwanen da Ladi Kwali ta riƙa yi bayan ta shiga makarantar ginin tukwane ta garinmu a 1954, tun ana kiransa Abuja. Waɗannan an shafe bayansu an gasa, sun yi santsi kamar tangaran, ko ɗigo ba ya fita.

To, fatar mutum tana da nata shafen, watau wani ɗan maiƙo da jiki ke yi, wanda ke toshe kafofinta. Shi ke tsare ruwan jiki kada ya tsere, shi kuma ke tsare ƙura da ƙwayoyin cuta kada su shiga. Fatar jariri kuwa ta fi ta babba rashin kauri, shafenta bai gama ƙwari ba, don haka ta fi kama da tulu. Da damina ba a lura, gama iska na da laima. Amma daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iskar hunturu ta taso daga hamada, hazo ya rufe Dutsen Zuma, sai busasshiyar iskan nan ta yi ta zuƙe ruwan fata. Babba ya sami faso a diddige, jariri kuwa ya yi furu-furu kamar an barbaɗa masa toka.

Mu kuma sai mu taya hunturu aiki ba mu sani ba. Bisa al'ada akan yi wa jariri wanka safe da yamma, da ruwa mai zafi, da soso, da sabulun salo ko sabulu mai ƙanshi. Ruwan zafi da sabulu su ke wanke maiƙon miya daga kwano, su ne kuma ke wanke maiƙon fata. Mu da muka yi makarantar mishan an hore mu da tsabta, kowace safiya a duba wuya da farce, har muka tashi muna zaton yawan kumfa shi ne yawan lafiya. Tsabta abu ne mai kyau, amma kada garin gyaran gira a rasa ido.

Kaushi dabam, ekzima dabam

Kaushin hunturu kaɗai ba ya hana yaro barci, da an shafa masa mai sai ya lafa. Amma akwai wani ciwo da likitoci ke kira ekzima, babbar alamarsa ita ce ƙaiƙayi. Yakan fara tun yaro bai kai shekara ba, a kumatu da goshi da bayan hannu da ƙwauri. In yaro ya tasa sai ya koma cikin lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwar ƙafa. Littattafan Turawa sukan ce wurin yakan yi ja, amma a baƙar fata ba kasafai ake ganin jan ba. Wurin yakan ƙara duhu ne, ko ya yi toka-toka, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a gindin gashi. Ciwon yakan lafa, ya kuma tashi.

Ba dauɗa ke kawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Yawanci gado ne, yakan bi gidan da ake da asma ko yawan atishawa. A 1952 aka fara samun maganin shafawa mai kwantar da shi, amma sai a 2006 wasu masana a ƙasar Sikotland suka nuna ɗaya daga cikin manyan dalilansa: yara da yawa masu wannan ciwo an haife su ne da ƙarancin wani sinadari da ke ɗaure saman fata. Watau tulunsu ya fi na sauran yoyo tun daga gini. Fata ta bushe ta yi ƙaiƙayi, yaro ya sosa, susa ta ƙara buɗe fatar, ƙaiƙayi ya ƙaru. Aikinmu duka shi ne a raba yaro da wannan susa.

A lura, mutanen ƙasar nan da yawa in sun ce ekzima, kyasbi suke nufi, farin tabon nan da ke fita a wuya da ƙirjin samari. Wannan wata cuta ce dabam, maganinta dabam. Haka kuma ƙazuwa takan yi kama da ekzima, amma ita ana ɗauka, za ka tarar uwa da sauran yara duk suna susa, jariri kuwa har tafin hannu da tafin ƙafa take fito masa. Makero yakan yi zobe. Ƙurajen zafi da bazara suke zuwa. In an rasa ganewa, likita shi zai raba.

Abin da za a yi a gida

1. Wanka sau ɗaya a rana ya isa da hunturu. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, uwa ta gwada da gwiwar hannunta. Kada a wuce minti 5 zuwa 10.

2. A ajiye soso, tafin hannu ya isa. Sabulu kaɗan, marar ƙanshi, a wuya da hammata da matse-matsi kawai. Kada a ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin ruwan, yana ƙara busar da fata.

3. Kada a goge yaro da ƙarfi, a danna tawul a hankali. Sa'an nan, tun jiki da sauran danshi, kafin minti 3, a shafe shi da mai daga wuya har ƙafa, da kumatu. Wannan shi ne uwar maganin duka. Mai ba ruwa ba ne, rufi ne, yana kulle ruwan da fata ta sha a wanka. In an bari jiki ya bushe tukuna, an rufe randa bayan ruwa ya tsiyaye.

4. A maimaita shafawa sau 2 a rana ko fiye, ko ba a yi wanka ba, ko ciwon ya lafa. A shafa kafin a ba shi mama, don kada yawu da nono su ci kumatu. Hoda kuwa a bar ta.

5. Tufar da ke taɓa jiki ta zama ta auduga, har zanen goyo. Rigar sanyi ta ulu a ɗora ta bisa wata riga. Kada a tula wa yaro kaya har ya yi gumi, gumi na ta da ƙaiƙayi. A ɗauraye kayansa sosai bayan wanki, a nisanta shi da hayaƙin murhu da turaren wuta.

6. A yanke masa farce a kai a kai.

7. Kada a cire shi daga mama. Nono kaɗai har wata 6 shi ne ka'ida, uwa kuma kada ta hana wa kanta abinci sai in likita ya ce.

Wane mai?

Abin farin ciki, ba sai mai tsada ba. Jiharmu ta Neja tana cikin inda aka fi samun itacen kaɗanya a Nijeriya, man kaɗe kuwa mai tsabta, wanda ba a gauraya da kome ba, yana aiki ƙwarai. Haka basilin fari marar turare. Da hunturu mai kauri ya fi mai ruwa-ruwa. In za a fara sabon mai, a gwada a ɗan wuri kaɗan a hannu, a kwana a gani.

Akwai biyu da ya kamata a yi hattara da su. Man zaitun mutane suna girmama shi, amma wani gwaji da aka yi a Ingila a 2013 ya nuna yana raunana saman fata in an daɗe ana shafawa. Man gyaɗa kuma kada a sa shi a fatar da ta tsage, gama wani bincike na 2003 a can Ingila ya gano yaran da aka riƙa shafa musu mai mai gyaɗa a kan ƙuraje sun fi zama waɗanda jikinsu ke ƙin gyaɗa daga baya.

Mafi haɗari duka shi ne irin man da aka sayo wa ɗan yayata, wanda ake cewa mai aiki uku, da kuma haɗin da wasu ke kwaɓawa cikin man kaɗe su sayar don yaro ya yi haske. Yawancinsu akwai magani mai ƙarfi a ciki, wanda aka yi don manya. Gaskiya ne cikin kwana uku ƙuraje sun kwanta, shi ya sa iyaye ke yabonsa. Amma in an ci gaba, fata takan yi laushi ta siranta ta ɗashe, maganin kuma ya ratsa ya shiga jini, har fuskar yaro ta kumbura, girmansa ya tsaya. Ran da aka daina kuwa ciwon ya komo fiye da dā. Likita yana da irin wannan magani marar ƙarfi, haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100, wanda akan shafa kaɗan a inda ciwon yake kawai, na 'yan kwanakin da ya ƙayyade. In shi ya ba da, kada a ji tsoro, a bi yadda ya ce.

Lokacin zuwa asibiti

A kai yaro in an yi mako guda ana shafa mai ba sauƙi, ko in ƙaiƙayi ya hana shi barci da shan mama. Amma kada a kwana in aka ga wurin yana ruwa ko mugunya, ko ya yi ɓawo mai launin zuma, ko ƙuraje masu ruwa sun fito a tare da zazzaɓi. Wannan alama ce ƙwayoyin cuta sun shiga. Haka kuma in fata na saɓa, ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja, to, ba ekzima ba ce, rashin abinci mai gina jiki ne, yana bukatar gaggawa.

Ɗan yayata dai an rage masa wanka, an jefar da man kasuwa, uwarsa na shafa masa man kaɗe safe da rana da dare, tare da ɗan maganin da likita ya bayar. Kafin hutu ya ƙare ya fara barci. Kumatun sun bar fari-farin tabo, amma an ce mana zai baje da kansa cikin watanni, yara da yawa kuma suna rabuwa da ciwon in sun girma. Kakarsa ba ta yarda da rage wankan ba sai da ta ga ya kwana bai farka ba. Wannan ma darasi ne gare mu malamai: tsohuwa ba a kayar da ita da gardama, sai a nuna mata a hankali, cikin ladabi, ta gani da idonta.

Allah ya raya mana su, amin.