Masu Ƙera Wa Jita Mazauni

Jita ba ta iya tsayuwa da kanta. Gindinta a zagaye yake, wuyanta dogo, kanta kuma ɗauke da ƙarafan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya. Da zarar makaɗi ya sauke ta daga kafaɗa, sai maganar inda za a ajiye ta ta taso. In an jingina ta da bango ta zame, in an kwantar da ita a ƙasa a taka ta, in kuwa aka ce a mayar da ita akwatinta, wanda zai sake ɗaukarta nan da minti biyar ba zai yarda ba. Daga wannan 'yar matsala wata sana'a ta tsiro, ta masu ƙera mazaunin jita. Aikin da ya fi ba su wuya shi ne mazauni guda da za a riƙa ƙarawa ana ragewa, ya karɓi babbar jita ya karɓi ƙarama.

A garin Wertheim na ƙasar Jamus akwai kamfanin König & Meyer, wanda makaɗa suka fi sani da K&M. Tun 1949 aka kafa shi, kuma har yau abin da yake ci da shi ke nan: ƙarafan ɗora takardar kiɗa, na riƙe makirufo, na ajiye jita. A Taiwan kuma kamfanin KHS na fitar da nasa da sunan Hercules. Bayan waɗannan manya akwai kafintoci da masu walda ba adadi da ke yin guda ɗaya ko biyu idan an kawo musu aiki. Babba da ƙarami, ciwon kansu ɗaya ne: masu ƙera jita ba su taɓa haɗuwa sun tsayar da girma guda ba.

Ɗauki Stratocaster, jitar lantarkin da kamfanin Fender ya fitar a 1954. Daskararren katako ce, kaurinta bai wuce santimita 4 da rabi ba. Ajiye ta kusa da jita mai kogon ciki irin ta kamfanin Martin da ake kira dreadnought, wadda zurfin cikinta ya kai wajen santimita 12, faɗin gindinta kuma wajen 40. J-200 ta kamfanin Gibson ta fi ta faɗi, inci 17 ce. Sai jitar bes, irin Precision ta 1951, mai tsirkiya inci 34, alhali ta Stratocaster inci 25 da rabi ce. Ga kuma ƙanana da ake saya wa yara masu koyo. Hannuwan mazaunin da suka rungumi siririyar jitar lantarki daidai, mai kogon ciki ba za ta ko shiga ba. In aka buɗe su don mai kogon, siririyar sai ta yi ta lilo a ciki.

Da a ce girma kaɗai ne bambancin, da da sauƙi. A 1958 Gibson ya fitar da Flying V, wadda gindinta ya rabu ƙafa biyu, babu abin da za ta zauna a kai a tsakiya. A shekarar ne kuma Fender ya kawo Jazzmaster mai karkataccen ƙugu, wadda in an zaunar da ita a kan hannuwa biyu masu tsayi ɗaya sai ta kwanta gefe. Jitocin Ovation bayansu a kumbure yake, ba ya kama majingina. Sannan akwai ƙananan abubuwan da sai wanda ya riƙe jita ya san da su. A tsakiyar gindi akwai maɓallin da ake maƙala maratayi, dole a bar masa fili. Kafar da ake soka wayar lantarki a fuskar Stratocaster take, amma a Telecaster da Les Paul a gefen gindi take, daidai inda hannun mazauni ke son zama. A jitoci masu kogon ciki da yawa, wayar ta cikin maɓallin gindin take fitowa, don haka in mazaunin ya yi ƙasa sosai, bakin wayar ne zai ɗauki nauyi.

Hanya biyu masu sana'ar suka bi. Ta farko, a tallafi jitar daga ƙasa da hannuwa biyu, a sa mata abin jingina a baya. Ta biyu, a rataye ta ta wuya a kan gwafa, gindin ya tsaya a iska, ya ɗan taɓa matashi kawai. Ga wanda ke son mazauni ɗaya ya ɗauki kowace jita, ni ina ganin ta biyun ta fi hikima, domin ta guje wa gindi, inda jitoci suka fi saɓawa, ta kama wuya, inda suka fi kama da juna. Duk da haka wuyan ma da nasa bambancin. Na jitar lantarki, a inda ya haɗu da kai, faɗinsa wajen milimita 42 ko 43 ne. Na jitar gargajiyar Sifaniya mai tsirkiyar leda ya kai 52. Gwafar da ta buɗe don mai faɗin, kan Telecaster da yake siriri na iya sulluɓewa ta cikinta. Kuma kan jitocin Fender ba daidai yake hagu da dama ba, saboda ƙarafan ɗaurin shida duk a gefe ɗaya suke. In gwafar ba ta ɗan juyawa ta bi siffar kan, jitar za ta rataya a karkace.

Hercules sun yi wata dabara da ta cancanci a yaba. Gwafarsu na zaune a kan sifirin. Idan aka ɗora jita, nauyinta ya danna gwafar ƙasa, sai wasu 'yan hannuwa biyu su juyo su rufe gaban wuyan. Idan aka ɗaga ta, su buɗe da kansu. Babu abin da makaɗi zai tuna ya kulle, kuma wannan shi ne ƙarfin dabarar, don wanda ya gama kiɗa cikin zufa da hayaniya ba ya tuna ɗaure wata igiyar roba.

A zaɓin gaɓoɓin da za su motsa ne zuciyar sana'ar take. Mai saye yana ganin yawan gaɓoɓin da ake juyawa shi ne kyawun mazauni. Maƙerin da ya daɗe a aikin ya san kowace gaɓa da ke motsi wuri ne da wata rana za ta saki. Aikinsa shi ne ya zaɓi abin da lalle sai ya motsa, sauran ya ƙone su da walda su zauna daram. Tsayin gwafa dole ya motsa, tunda bes da jitar yaro ba za su yi tsayi ɗaya ba. To amma da me za a kulle shi? Sukurun da ake murɗawa da hannu ya matse bututu cikin bututu yana ba da kowane tsayi, sai dai da gogayya kawai yake riƙewa. Haƙoransa na cinyewa, kuma ranar da ya saki ba ya yin sallama. Ƙusar da ke shiga jerin ramuka ba ta ba da tsayi sai mataki mataki, amma ba ta zamewa. Tsakanin biyun, ƙusar zan zaɓa. Jita ba ta damu da bambancin santimita ɗaya ba.

Akwai kuma abin da sababbin shiga ke mantawa: duk lokacin da aka ɗaga gwafa, an ɗaga nauyi sama. Mazaunin da ya tsaya da ƙafafunsa ƙarƙashin ƙaramar jita yana iya zama abin tausayi ƙarƙashin bes mai kilo 4 ko fiye. Don haka faɗin ƙafafu da jita mafi tsawo ake auna shi. Yawanci ƙafa uku ake yi, saboda dalilin da ya sa tukunya ke zama lafiya a kan duwatsun murhu uku ko ƙasa ba ta daidaita ba. Ƙafa huɗu kuwa in daɓe ya ɗan karkace sai ɗaya ta rataya. Amma ƙafa uku na da gefen rauni. Ta kan ƙafa ba ta faɗuwa, ta tsakanin ƙafa biyu take kifewa. Shi ya sa ake kishingiɗar da jitar baya kaɗan, nauyinta ya sauka a tsakiyar filin da ƙafafun suka kewaye. In ta miƙe sosai, ɗan taɓi zai tura ta gaba. In ta kwanta sosai, ta ci wuri, kuma ta danne ƙafar baya.

Abin da ya fi ba ni tausayi a wannan aiki shi ne ɓarnar da ba a ganin shigarta. Ƙarfe ba zai taɓa jita tsirara ba, dole a naɗe shi da abu mai laushi, kuma abin da ya fi sauƙin samu shi ne roba ko tiyo. To, akwai wani fenti mai ƙyalli, naitiroselulos, wanda aka fara fesa wa motoci a shekarun 1920 kafin masu kayan kiɗa su ɗauke shi. Fender ya bar shi a yawancin jitocinsa wajen ƙarshen shekarun 1960, amma Gibson har yanzu da shi yake aiki, kuma galibin tsofaffin jitoci masu tsada shi ne a jikinsu. Sinadarin da ake zubawa a roba don ta yi laushi yana ratsowa ya narkar da wannan fenti. Mutum zai ajiye jitarsa a kan mazaunin da ya saya don ya kare ta, bayan wani lokaci ya ɗaga ya tarar da tabo biyu masu danƙo a bayan wuya, kuma ba sa gogewa. K&M na sayar da wasu mazaunan da matasai marasa launi, wasu kuma da toton da ake toshe kwalba, saboda wannan. Ƙaramin maƙeri da ba shi da ɗakin gwaji, hanyar da ta fi masa aminci ita ce ya lulluɓe duk inda zai taɓa jita da farin yadin auduga. Ba shi da ban sha'awa a ido, amma ba ya cin fenti.

Me ya sa duk wannan taka-tsantsan? Domin jita kullum a ɗaure take. Tsirkiyoyin ƙarfe shida na jita mai kogon ciki suna jan wuyanta da ƙarfin da ya kai kilo 70, dare da rana. A Les Paul, kan jitar ya lanƙwasa baya, an sassaƙa shi daga katakon mahogani guda tare da wuyan, kuma daidai lanƙwasar aka rarake ramin sandar ƙarfen da ke miƙar da wuya. Wurin ya zama siriri, jijiyar katakon ta gajarta. In ta faɗi da baya, kan ne ke fara dukan ƙasa, tsirkiyoyi su ƙarasa aikin. Masu gyaran jita sun san wannan karaya sarai.

A Agadas, inda kiɗan jitar Abzinawa ya zama abin bikin aure, kuma inda irin su Bombino da ƙungiyar Etran de l'Aïr suka fito, mazaunin da aka zana don daɓen katako na gamuwa da wata jarrabawar. A fili ake kiɗa, a kan rairayi. Siraran ƙafafu suna nutsewa, ba kuma tare suke nutsewa ba, don haka mai waldan da zai yi wa makaɗan nan aiki sai ya sa wa kowace ƙafa faffaɗan tafi. Ƙura na shiga haƙoran sukuru ta cinye su, wanda ya ƙara wa ƙusa da rami daraja. Baƙar roba in ta sha rana sai ta yi laushi ta yi danƙo. Kuma Mdou Moctar, wani makaɗin jitar Abzinawa, bahago ne, da hagu yake kaɗawa. Jitar bahago komai nata a juye yake, saboda haka mazaunin da aka yi wa wani tudu ko yanka a gefe ɗaya don ya dace da jitar dama ya riga ya ware shi.

Kafin maƙeri ya miƙa aiki, gwajin ba a kan takarda ake yinsa ba. Zai ɗora jita mafi tsawo da mafi nauyi da ya samu, ya ɗaga gwafar har ƙarshe, ya tura daga baya, ya tura daga kowane gefe, musamman ta tsakanin ƙafafu. Zai soka waya ya fizge ta kamar yadda ƙafar mai wucewa za ta yi. Sannan ya sauke gwafar har ƙasa ya ɗora ƙaramar, ya duba ko gindinta ya taɓa daɓe. In jitar ta motsa fiye da yadda ransa ya kwanta, ƙafafun za su koma kan teburin walda a ƙara musu faɗi.