Tabkin da kwaɗi suka daina kuka a cikinsa

Na gaji da ganin abu guda kowace damina a karkarar Dakoro. Manomi zai gama feshin wake, ya sauko bakin tabki ya wanke famfonsa da galan ɗin magani, a daidai inda makiyaya ke shayar da dabbobi, mata ke ɗiban ruwa. In ka yi magana ya ce: "Haba malam, ruwa mai yawa ai ba ya ɗaukar dauɗa, dubi yadda ya kwanta garai-garai."

Wannan magana ce nake so mu binne. Tabkinmu ba gulbi ba ne mai gudu. Abin da ka zuba a watan Agusta yana nan zaune, kuma da rani ya matso ruwa na ƙafewa, guba na ƙara kauri. Ido ba ya ganin maganin ƙwari. Kwaɗo ne ke fara jin sa, domin fatarsa siririya ce, ta nan yake shan ruwa, ta nan yake wani numfashin. Talibambam su mutu, ƴaƴan mazari da ke girma cikin ruwa suna cin tsutsar sauro su bi baya, zalɓe da kirinjijiya su sauya wuri. Tabkin da ya yi shiru da dare a tsakiyar damina, ko ya fi madubi haske, mara lafiya ne. Sare itatuwa da cikewar yashi ma suna da nasu laifin.

Akwai hanyar lura da lafiyar ruwa. A Amurka ƴan makaranta kan fita bakin kogin Hudson kowace shekara su ƙidaya kifi, su auna ruwa. Mu ba mu da kogi irinsa da teku ke turo wa ruwa, amma muna da tabkuna da kwarin Tarka, ga gandun dajin Gadabeji da aka keɓe tun 1955, inda aka kai raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018.

To, malaman lakwal, irin wannan aikin bai buƙatar kuɗi. Kaye ɗaya da biro sun isa. A zaɓi tabki guda, a riƙa zuwa da sassafe sau ɗaya a wata daga Oktoba har ya ƙafe. Yara su rubuta tsuntsayen da suka gani da yawansu, belbela nawa, zalɓe nawa, akwai mazari ko babu. A kafa sanda a ga yadda ruwa ke ja da baya. A gayyato dattijon makiyayi ya faɗi sunayen da littafi bai sani ba. Kada yaro ya shiga ruwa, saboda katantanwar da ke yaɗa tsargiya, kuma a bar danƙon harbi a gida. A ajiye kayen don ajin baɗi su gwada da nasu.

Ku kuma masu feshi, don Allah ku ɗebi ruwa a bokiti, ku wanke famfo can cikin gona, nesa da tabki da rijiya.