Amarya a gidan da ake tsoro: daga shirinmu na adabi

Wani direban motar shanu ya aiko mana da tambaya daga kasuwar Tulaku a Ashaiman. Ya ce littattafan da ake karantawa a YouTube, waɗanda ke ɗebe masa kewa tsakanin Paga da Ankara, duk kusan tafiyarsu ɗaya: an kai amarya wani tsohon gida, akwai ɗakin da ba a buɗewa, da dare ana jin motsi, ango kuma ya ƙi magana. Daga ina wannan salo ya fito?

To malam direba, salon ya tsufa. Turawa suna ce masa gotik, kuma suna fara lissafi daga The Castle of Otranto na Horace Walpole, wanda ya fito a Ingila a 1764. Fada ce da aka ƙwace daga masu ita, mamaci ya hana zuriyar maƙwaci sakat. Amma wanda ya fi kama da abin da kake ji shi ne Jane Eyre na Charlotte Brontë, 1847. Marainiya ta samu aikin koyarwa a wani katafaren gida, ta kamu da son maigidan, tana ta jin wata irin dariya cikin dare. Ashe ba fatalwa ba ce. Matarsa ce ta fari, ya kulle ta a bene saboda taɓin hankali. Ku lura da kyau, uwargida ce aka ɓoye wa amarya. Wace 'yar Zango ce za ta ce ba ta gane wannan ba?

Ni a ganina nan ne ƙarfin labarin yake. Abin da ke yawo a gidan laifi ne da aka binne: gadon da aka danne, matar da aka zalunta. Soyayyar kuwa ita ke shigo da baƙuwa, wadda ba ta san abin da 'yan gida suka yi shiru a kansa ba, sai ta yi ta tambaya har asiri ya tonu.

Da salon ya haɗu da littattafan soyayya na Kano, sai ya sauya riga. Musulmi bai yarda mamaci na dawowa yawo ba, don haka marubutanmu suka fi jawo aljani: na kango, na tsohuwar rijiya, na gindin tsamiya ko kuka. Maimakon ɗan sanda, malami ake kira ya yi ruƙiyya. Wasu kam suna cika shi da ihu da jini har labarin ya ɓace, waɗannan ba sa burge ni.

A nan Gana ma akwai misali mai nauyi. A Homegoing na Yaa Gyasi, 2016, wata yarinya ta auri Bature tana zaune a saman ganuwar Cape Coast, 'yar uwarta kuma tana ƙasan ginin cikin bayin da za a ɗora a jirgi. Babu aljani ko ɗaya, amma gidan ya fi kowane kango ban tsoro.

Yanzu ku dubi unguwanninmu. Nima ta faro ne a shekarun 1930, lokacin da Malam Futa, mai fataucin shanu, ya samu fili a wurin, Zongo Lane kuwa ta girme ta nesa. Gidan da mutum ɗaya ya gina, yau jikoki ne birjik ke da haƙƙi a cikinsa, wasu a Maamobi, wasu a Kumasi, wasu a Amurka. Sai ka ga ɗaki da kwaɗo shekara da shekaru, yara suna gudu in sun zo wucewa, ana cewa da mutanen ɓoye a ciki. Sau da yawa magada ne suka kasa daidaitawa.

Wannan ya shafi fatake kai tsaye. In aka nuna maka irin wannan ɗaki da araha don ajiyar albasa ko atamfa, kafin ka nemi malamin tofi, tambayi wanda ke riƙe da makulli, da ko sauran magada sun san ya karɓi kuɗinka.