Allurar tsinka jini da lafiyar maijego

An yi wa mace aiki an ciro jariri, an sallame ta, sai likita ya rubuta Clexane, ya ce a riƙa yi mata kullum. Dangi su dubi tsadarta su ce, "Ai ta samu sauƙi, allurar me kuma?" Nan haɗarin yake.

Juna biyu na ƙara wa jini saurin daskarewa, tanadin da ke kare mace daga zubar jini wajen haihuwa. Wannan hali ba ya gushewa sai bayan kimanin mako 6. In aka haɗa shi da tiyata da yawan kwanciya, jini kan dunƙule a jijiyar cikin ƙafa. Ƙafa ɗaya ta kumbura, sharaɓa ta yi zafi. Gudan jinin yana iya ɓallewa ya bi jijiya har huhu, numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ƙirji ya ɗau ciwo, wani lokaci a rasa maijegon kafin a kai asibiti. Don haka ƙafar da ta kumbura ita kaɗai ba ta tausa ba ce, ba ta gashi ba ce, ta likita ce a ranar.

Clexane, wato enoxaparin, dangin heparin ce, maganin da tarihinsa ya faro a 1916 a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Ba ta narkar da gudan da ya riga ya samu. Ƙarfafa wani sinadarin jiki take yi, antithrombin, ya hana gudan girma, ya hana sabo fitowa, jiki kuma ya narkar da tsohon a hankali. A ƙarƙashin fata ake yin ta, yawanci a ciki, nesa da ɗinki. Ba ta ratsa mabiyiya, shi ya sa ake ba masu ciki ita maimakon warfarin, wanda ke iya nakasa ɗan tayi. Mai shayarwa ma tana iya karɓa.

Daga hanjin alade ake samo heparin ɗin da ake haɗa Clexane da shi, kuma bai dace a ɓoye wa majinyaciya wannan ba. Malamai da dama sun halatta ta bisa larura, akwai kuma fondaparinux da ake haɗawa ba da dabba ba, idan likita ya ga ta dace.

Babbar illarta zubar jini. Kada a haɗa ta da diclofenac ko ibuprofen na kemis ba da sanin likita ba. Haɓo da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida, ko jinin biƙi da ya ƙaru kwatsam, duk dalilan komawa asibiti ne nan take. Mai ciwon ƙoda kuma ta faɗa tun kafin allurar farko.