Kalmar "Leg" a Turanci da Ma'anoninta

Kalmar "leg" ba 'yar asalin Turanci ba ce. Ta shigo ne daga harshen mutanen Sikandinabiya da suka mamaye arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9, waɗanda ke cewa "leggr". Ta fara bayyana a rubuce a ƙarni na 13, sannu a hankali kuma ta ture tsohuwar kalmar "shank", wadda a yau ta taƙaita ga ƙwauri. Ma'anoninta suna da yawa, amma kusan dukkansu sun tsiro ne daga abubuwa uku: siffar ƙafa, ɗaukar nauyi, da tafiya.

Ma'ana ta farko ita ce gaɓar jiki. Bahaushe yana kiran komai ƙafa, daga ƙugu har zuwa yatsu, amma Bature ya raba biyu: "leg" daga ƙugu zuwa idon sawu, "foot" kuma abin da ke taka ƙasa. Likitoci sun ƙara taƙaita ta, domin a ilimin gaɓoɓin jiki tsakanin gwiwa da idon sawu kaɗai ake nufi. A mahauta kuwa, "leg of lamb" cinyar rago ce.

Daga siffa da ɗaukar nauyi aka sami ƙafar tebur, ƙafar kujera da ƙafar wando, kamar dai yadda ake faɗa a Hausa. Sai dai Bature ba ya kiran tayar mota da wannan suna, alhali Bahaushe yana cewa ƙafar mota. A darasin lissafi ma, gefuna biyu da suka haɗu a kusurwar alwatika mai digiri 90 ana kiransu "legs".

Daga tafiya aka sami ma'anar zango. Matafiyin da ya tashi daga Kano ya sauka Alƙahira, sannan ya canja jirgi zuwa Landan, ya yi "legs" biyu. A tseren miƙa sanda kowane ɗan gudu yana da nasa zangon. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun fi kowa sanin wannan ma'ana, domin karawar gida da waje ita ce "first leg" da "second leg". A wasan kusa da na ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a 2019, Barcelona ta ci Liverpool 3 da nema a karawar farko, sai Liverpool ta rama da 4 da nema a filinta na Anfield, ta wuce. Wasan kurket ma yana da nasa amfanin: ɓangaren filin da ke bayan ƙafafun mai bugu shi ne "leg side".

A salon magana ne kalmar ta fi rikita mai koyo. "Pull someone's leg" zolaya ce, babu wanda ake ja wa ƙafa. "Break a leg" fatan alheri ne da 'yan wasan kwaikwayo ke yi wa juna kafin hawa dandali, saboda camfin cewa faɗin alherin a fili yana jawo akasinsa. Abin da ya yi tsada fiye da kima ana cewa ya ci "an arm and a leg". Wanda hujjarsa ta rushe ba shi da "a leg to stand on", tsohuwar motar da ta kusa mutuwa kuma tana kan "last legs". Kalmar "bootleg" ta samo asali daga ɓoye kwalba a wuyan dogon takalmi, ta kuma yaɗu a Amurka lokacin haramta giya daga 1920 zuwa 1933. A yau ana kiran kayan fasa-ƙwauri da faifan sata da ita.

Turancin Nijeriya ya ƙara nasa. Idan aka ce mutum yana da "long leg", ana nufin yana da uwa a gindin murhu.

Wasu kalmomi sun fara da haruffa iri ɗaya amma ba su da dangantaka da ƙafa. "Legal" ta fito daga kalmar Latin mai nufin doka, "legend" kuma daga wadda ke nufin karatu. A taƙaice dai, mai karatu yana gane ma'anar da ake nufi ne daga kalmomin da ke kewaye da ita da kuma fagen da ake magana a kai.